Injin Da Ke 'Misin' Da Al'adarmu Ta 'A Canza Mu Gani'

Tun daga ranar 29 ga watan Mayun 2023, lokacin da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya bayyana a jawabinsa na kama mulki cewa tallafin man fetur ya ƙare, lissafin duk wani mai mota a ƙasar nan ya sauya. Litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 500 cikin 'yan kwanaki, kuma kafin shekarar 2024 ta yi bankwana ta tsallake Naira 1,000 a gidajen mai da dama. Magidanta suka rage ziyarce-ziyarce, wasu suka daina kunna na'urar sanyaya mota, wasu kuwa suka jingine motar baki ɗaya suka koma kan babur. Sai dai akwai wata ɓaraka da ke shanye wa mutane mai ba su lura ba, ko kuma sun lura sun ce "ai tana tafiya". Duk wanda ya tsaya a danja a Kano ko Kaduna ya kasa kunne zai ji ta. Mota tana tsaye amma jikinta na karkarwa, salansa na fitar da wani sauti mai yankewa kamar na mai shaƙuwa, ga warin ɗanyen fetur yana bin iska. Kanikawa kan ce injin yana "misin". A kan wannan ciwo nake son mu tattauna a wannan mako, domin a ganina da wuya a sami matsalar mota da ake kashe mata kuɗin banza kamarsa, kuma laifin ba na bakanike kaɗai ba ne.

Bari mu fara da abin da ke gudana a cikin injin, don wanda bai san yadda lafiya take ba ba zai gane ciwo ba. Kusan duk motar fetur da ke kan titunanmu tana aiki ne bisa tsarin da Bajamushe Nikolaus Otto ya ƙera injinsa a kai a shekarar 1876. A cikin kowace silinda akwai fistin da ke hawa da sauka. Ya sauka ya zuƙo iska da mai, ya hau ya matse su, fulogi ya ƙyasta wuta cakuɗar ta kama ta tunkuɗa fistin ƙasa da ƙarfi, sannan ya sake hawa ya kori hayaƙi waje. Mataki huɗu ke nan, kuma ɗaya ne tak daga cikinsu ke samar da ƙarfin da ke tura mota. Motar da muke ce wa mai fulogi huɗu silinda huɗu gare ta, suna karɓa-karɓa, galibi a jeren 1, 3, 4, 2. Idan inji na juyawa sau 3,000 a minti, kamar yadda yakan yi a kan babbar hanya, kowace silinda tana kama wuta sau 1,500 a minti, wato sau 25 a kowace daƙiƙa. Misin shi ne layi ya zo kan ɗaya daga cikinsu ta ƙi kamawa, ko ta kama rabi da rabi. Wanda ya taɓa jin mata suna lugude a turmi ɗaya, ɗaya ta riƙa makara da taɓaryarta, ya san irin yadda sautin ke ɓaci.

Abu uku silinda take bukata, kamar duwatsun murhu, in babu ɗaya tukunya ba ta zama. Tana bukatar wuta mai ƙarfi a daidai lokacinta. Tana bukatar mai da iska a gwargwadon da ya dace, wanda ga fetur shi ne kimanin kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na mai bisa nauyi. Tana kuma bukatar matsi, wato silindar ta riƙe abin da fistin ya matse kada ya tsere ta wata kafa. Duk misin da ke duniya, komai sarƙaƙiyarsa, yana komawa ne ga ɗayan ukun nan. Aikin mai gyara shi ne ya gano wace silinda ce, sannan wane dutse ne ya goce. Wanda ya fara sayen kaya kafin ya amsa tambayoyin nan biyu, lalube yake yi a cikin duhu, kuma da kuɗin mai mota yake laluben.

Wani zai ce, to in dai motar tana kai ni ofis, mene ne na gaggawa? A motar da kwamfutarta ba ta iya tsayar da mai daga silindar da ta mutu, rubu'in man da mutum ya sha layi ya saya yana bi ta salansa bai ƙone ba. Wani daga cikin man nan kuma yakan wanke baƙin man da ke jikin bangon silinda, ya gangara ƙasa ya tsinka wanda ke cikin inji, ringi da fistin su fara cin juna. Sannan ga tukunyar tace hayaƙi da ke jikin salansa, wadda kanikawanmu suka yi wa laƙabi da "indomi" saboda yadda cikinta yake da ƙananan ramuka. An shafe ramukan nan da ƙarafa masu tsada, filatinam da faladiyam da rodiyam, abin da ya sa ɓarayi ke farautarta. Ɗanyen fetur in ya isa can sai ya kama wuta a ciki, zafi ya wuce kima, cikinta ya narke ya toshe hanyar hayaƙi. Ciwon da fulogi ɗaya zai warkar ya zama na abin da kan fi dukkan fulogin da koyil ɗin motar tsada. Abin da ya fi damuna ma ba kuɗin ba ne. Misin ɗin da wuta ke jawowa ya fi bayyana ne a lokacin da aka taka totur sosai, wato daidai lokacin da direba ya fito zai wuce tirela a hanyar da masu zuwa da masu dawowa ke raba kwalta ɗaya. A nan ne mota za ta shaƙe ta ƙi ja, ga wata motar ta tunkaro.

Dattawan kanikawa da suka buɗe ido da Peugeot 504, wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan masana'antar ta fara aiki a 1975, suna da wata dabara da har gobe nake girmamawa. Motocin zamanin kafireto gare su da distributa da kwantak da koyil guda ɗaya da ke raba wuta ta wayoyi huɗu. Bakanike zai bar mota tana silo, ya riƙa zare wayar fulogi ɗaya bayan ɗaya. In ya zare waya injin ya ƙara rikicewa, wannan silinda tana aiki. In ya zare bai ji wani bambanci ba, ya kama mai laifi, don da ma ba ta taimaka komai. Wannan tunani ne tsantsa, kuma shi ne ginshiƙin duk binciken da ake yi yau. Abin da ya canza shi ne motar. Yawancin Corolla da Camry da Accord da suka cika gari yanzu kowane fulogi da nasa koyil a bisa kansa, wutar da ke fita ta kai dubban gomomin bolt, kuma fizge waya haka kawai inji na aiki yana iya lalata koyil ko na'urar da ke ba shi umarni. Mai hankali yanzu soket ɗin nozul yake cirewa na ɗan lokaci, ya sami amsa iri ɗaya ba tare da ya tura ɗanyen mai cikin salansa ba.

A nan ne kwamfuta ta shigo. Tun daga 1996 doka ta wajabta wa duk ƙaramar motar da za a sayar a Amurka ta kasance da tsarin binciken kanta da ake kira OBD-II, ƙasashen Tarayyar Turai kuma suka bi sahu ga motocin fetur daga 2001. Tunda mafi yawan motocinmu kwance ne daga waɗannan wurare, kusan kowaccensu tana da wani soket mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari. Ƙwaƙwalwar mota, wadda ake ce wa birenbos, ba ta ganin wuta a cikin silinda. Abin da take yi shi ne sa ido a kan saurin juyawar babban ƙarfen da fistin ke juyawa, karanshaf. Duk lokacin da silinda ta kama, ƙarfen yakan ɗan ƙara sauri. In layi ya zo saurin bai ƙaru ba, sai ta ƙirga, in abin ya yawaita ta rubuta lamba ta kunna fitilar nan mai ruwan ɗorawa da hoton inji. P0301 na nufin silinda ta 1, P0302 ta 2, haka har ƙarshe. P0300 kuwa na nufin misin ɗin yana yawo, bai tsaya wuri ɗaya ba.

Akwai abu biyu game da fitilar nan da nake ganin ya kamata kowane direba ya sani. In ta kunnu ta tsaya cik, saƙon shi ne a duba mota nan kusa. In kuwa tana ƙyaftawa, saƙon shi ne misin ɗin ya kai matakin da zai ƙona indomi yanzu-yanzu. Na biyu kuma ya shafi masu sayen mota. Da an murɗa makulli kafin a tayar da inji, wajibi ne fitilar ta kunnu, in inji ya tashi ta mutu. Motar da fitilarta ba ta kunnuwa ko kaɗan, wani ne ya cire ƙwan ko ya liƙe shi, kuma ba don Allah ya yi ba.

Sai dai mun ɗauki kwamfutar nan mun mai da ita boka. Sau da yawa za ka ji an ce "kwamfuta ta ce koyil ne". Ba ta faɗi haka ba. P0302 cewa take yi matsala tana ɗaki na biyu, ba ta ce ga wanda ya yi ɓarnar ba. Yana iya zama fulogi, ko koyil, ko wayar da ke kai wa koyil wuta, ko nozul, ko bawul. Akwai kuma masu jona na'ura su goge lambar, fitila ta mutu, su karɓi kuɗi, mai mota ya tafi yana murna, bayan kwana biyu ta dawo. Goge lamba ba tare da gyara ba kamar mutum ne ya yayyaga takardar gwajin asibiti ya ce ya warke. Abin takaici ma, gogewar takan tafi da bayanin da birenbos ta ajiye na halin da inji ke ciki lokacin da abin ya faru, saurinsa da zafinsa da nauyin da yake ja, wanda shi ne zai taimaki mai bincike na gaskiya.

Hanyar da ta fi kowace sauƙi, kuma ba ta cin ko kwabo, ita ce musaya. A ce lambar ta nuna silinda ta 2. Sai a cire koyil ɗinta a kai ta 3, a kawo na 3 a sa a ta 2. A rubuta lambar farko, a goge, a tayar da mota a ɗan zaga. In lamba ta dawo P0303, ciwon ya bi koyil, shi ne mai laifi, kuma shi kaɗai za a saya, ba huɗu ba. In ta tsaya a P0302, koyil ya fita daga zargi. Sai a yi wa fulogi irin wannan musayar. Mai wayo ma yakan haɗa biyun lokaci ɗaya, ya kai koyil silinda ta 3 ya kai fulogi ta 4, lambar da ta fito ita za ta faɗi wanda ya ɗauki ciwon ya tafi da shi. In har yanzu abin bai motsa daga ta 2 ba, an gama da batun wuta sai dai wayoyin soket, a koma kan nozul, shi ma a musanya. In shi ma ya fita, saura matsi. A mota mai fulogi huɗu duk wannan aiki da wuya ya ci awa biyu. A mai fulogi shida da injinta ke kwance a gicciye, ukun baya sukan ɓuya a ƙarƙashin bututun shigar iska, dole a kwance shi kafin a kai gare su, don haka in an riga an buɗe wurin hikima ce a canza fulogin baya gaba ɗaya, kada a biya kuɗin aiki sau biyu.

Fulogi kansa mai ba da labari ne ga wanda ya iya karanta shi. Bakinsa in ya fito da ruwan toka ko ruwan ƙasa mai haske, silinda lafiya lau take. In ya fito baƙi ƙirin da busasshen kunkunniya, mai ya yi yawa ko wuta ta yi rauni. In ya fito jiƙe da baƙin mai, ringi ko robar bawul ta saki. In ya yi fari fat kamar an gasa shi, mai ya yi kaɗan, zafi ya yi yawa. Wanda ya fito tas kamar an wanke shi alhali 'yan'uwansa suna da datti, wannan abin tsoro ne, don sau da yawa ruwan lagireto ne ke shiga silindar. A kuma leƙa ramin da fulogin ke zama. Robar murfin saman inji in ta tsufa baƙin mai yakan taru a ramin, wuta ta bi ta jikinsa ta tsere maimakon ta sauka bakin fulogi. Haka nan ruwa. Masu wankin mota da ke buɗe bonet su feshe inji da ruwa mai ƙarfi sun samar wa kanikawa aiki ba kaɗan ba. Mota ta shiga wanki lafiya ta fito tana ɗingishi, a fara duba ramukan fulogi kafin a zargi kowa.

Tazarar da ke bakin fulogi kimanin milimita 1 ce a yawancin motoci. Yana tsufa tana ƙara buɗewa, koyil kuma dole ya ƙara ƙoƙari kafin wuta ta tsallaka, har ya gaji ya ƙone. Shi ya sa wanda ya sa sabon koyil a kan tsohon fulogi zai dawo kasuwa ba da jimawa ba. Fulogi na gama-gari yakan yi kimanin kilomita 30,000, mai bakin iridiyam kuma yakan kai 100,000. Matsalar ita ce sunayen da aka fi yarda da su, NGK da Denso da Bosch, su ne masu jabu suka fi kwaikwayo, har kwalin da tambarin. Fulogin iridiyam da aka sayar maka a kuɗin na gama-gari, ka san araha ba ta ado. Sannan kowane inji da lambar fulogin da aka ƙera masa. Shigarsa rami ba ita ce shaidar dacewarsa ba.

Kafin a taɓa sifana ma, akwai tambayoyin da bakaniken kirki zai yi wa mai mota, yadda likita ke yi. Yaushe take yi? Misin da ke zuwa sai an taka totur ko ana hawan tudu ya fi kama da raunin wuta ko ƙarancin mai. Wanda ke zuwa a silo ya ɓace in an ƙara wuta ya fi kama da iskar sata, wato wata tiyo ta tsage ko gaskit ɗin bututun iska ya saki, inji yana shaƙar iskar da ba a auna ba, kuma galibi lambar P0171 takan rako shi. Wanda ke zuwa da sassafe na ɗan lokaci ya ɓace in inji ya ɗumama, musamman in ruwan lagireto yana raguwa ba a ga inda yake ɗiga ba, yana nuni ga gaskit ɗin kan inji. Wanda kuma ya fara jim kaɗan bayan an sha mai, ai ba sai an yi dogon bincike ba.

Batun mai ba zato ba ne. A watan Fabrairun 2022 hukumar kula da harkar mai ta NMDPRA ta sanar da cewa an gano fetur mai ɗauke da sinadarin metanol fiye da ƙa'ida a cikin wanda aka shigo da shi, shugaban NNPC na lokacin, Mele Kyari, ya ce daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam aka yi lodinsa. Janye man ya jawo dogayen layuka, masu motoci da dama kuma suka koka da lalacewar injinansu. In haka ta faru da man da ya shigo ta tashar jirgin ruwa da takardunsa, ina ga na galan da ake saye a bakin titi? Gurɓataccen mai ba ya zaɓen silinda, duka yake bugawa, don haka P0300 ya fi kawowa. Haka ma famfon mai da ya yi rauni ko filtar da ta toshe. Tsadar rayuwa ta kuma koya mana yawo da tanki kusan wayam, alhali famfon a cikin tankin yake zaune, kuma man ne ke sanyaya shi. Ga kuma ƙurar hunturu da ke toshe filtar iska ta liƙe a kan sansar da ke auna iskar da ke shiga inji. Wanda ke kaɗe filta yana mayarwa shekara da shekaru, bai yi tattali ba.

Dutse na uku, matsi, shi ne wanda kowa ke tsoro, don a nan ake jin kalmar nan mai sa gaban magidanci faɗuwa: "Sai an sauke inji, Alhaji." Ra'ayina a nan ba shi da sassauci. Kada wanda ya yarda a buɗe masa inji kafin a auna matsin kowace silinda a gabansa. Ma'aunin ƙaramin abu ne mai agogo da ake ɗaurawa a ramin fulogi, a murɗa makulli, allura ta nuna lamba. Ana so lambobin su yi kusa da juna. Silindar da ta gaza 'yan'uwanta da fiye da kashi 10 zuwa 15 cikin 100 tana da magana. Sai a zuba mata ɗan cokalin baƙin mai a sake aunawa. In lamba ta tashi, ringi ne, domin man ya toshe kafar na ɗan lokaci. In ba ta motsa ba, bawul ne ko gaskit. In silinda biyu maƙwabtan juna suka faɗi tare, gaskit ya ƙone a tsakaninsu. In dukkansu suka yi ƙasa, a duba tayamin ko bel ko sarƙa ta tsallake haƙori. Kowace amsa da kuɗinta, kuma tazarar da ke tsakanin gyaran bawul ɗaya da sauke inji tana iya kai kuɗin makarantar yara na zango. In kuwa lambobin suka fito daidai wa daida, to a bar injin a inda yake.

Ba kuma kowace karkarwa ce misin ba. Robar da inji ke zaune a kai in ta fashe, mota takan yi rawa a danja alhali silinda huɗun suna aiki sumul. Na ga wanda ya canza fulogi da koyil saboda wannan.

To me ya sa, duk da sauƙin hanyoyin nan, "a canza mu gani" ta zama ruwan dare? Na taɓa zama a wani gareji ina jiran a sallame ni, na ga wani matashin bakanike ya shafe fiye da awa ɗaya a kan wata mota, yana musaya yana aunawa, har ya gano wata siririyar waya ce da ɓera ya ciza a bayan soket ɗin nozul. Ya haɗa ta ya naɗe, injin ya daidaita. Da ya faɗi kuɗin aikinsa sai mai motar ya ce, "Haba Malam, me ka sa a ciki? Waya fa kawai ka ɗaura." Da yaron ya tura shi Ƙofar Ruwa ya sayo koyil huɗu da fulogi huɗu, da ya biya ninkin-ba-ninkin bai ce uffan ba, domin ya ga kwali. Mu masu motoci ƙarfe muke biya, ba ma biyan tunani. Bakaniken da ya fahimci haka kuwa zai daina ɓata lokacinsa a kan bincike, ya koma cin riba a kan kaya, ya koya wa yaransa haka. Mu muka raini al'adar da muke kuka da ita.

Wannan ba wanke kanikawa ba ne. Akwai masu ha'inci da ke mayar da tsohon kaya su ce sabo ne, akwai kuma waɗanda girman kai ya hana su cewa aikin ya fi ƙarfinsu. Akwai masu maganin kowane ciwo da cirewa: indomi ta toshe a fasa ta a zubar, inji ya yi zafi a cire tamostat a jefar, alhali injin da ba ya kai zafin da aka tsara masa birenbos takan ci gaba da ba shi mai da yawa, fulogi ya yi baƙi, misin ya biyo baya. Hausawa sun ce karen bana shi ke maganin zomon bana. Yaran da ke koyon aiki a garejojin Kano da Panteka ta Kaduna da Apo ta Abuja kaifin basira gare su, abin da suka rasa shi ne wanda zai zaunar da su ya nuna musu yadda ake karanta lamba da zanen wayoyi da ma'aunin wuta. Ina ganin ƙungiyar kanikawa ta NATA da hukumar ilimin fasaha ta NBTE, wadda hedikwatarta ke nan Kaduna, da gwamnatocin jihohi da ke raba kayan sana'a, za su fi amfanar matasan nan in suka haɗa kowane akwatin sifana da ma'aunin matsi da ƙaramar kwamfutar bincike da horon makonni. Ƙungiyar kuma ta tsayar da al'adar kuɗin bincike daban, kuɗin gyara daban, yadda asibiti ke karɓar kuɗin ganin likita ko da bai rubuta magani ba.

Bukatar hakan ƙaruwa ma za ta yi, ganin yadda mutane ke mai da motocinsu masu amfani da iskar gas ta CNG tun bayan shirin da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar a 2023. Gas ya fi fetur wuyar kamawa, yana bukatar wuta mai ƙarfi. Fulogi ko koyil da ke lallaɓawa a kan fetur, da an juya zuwa gas sai asirinsa ya tonu, mota ta fara shaƙewa, wani lokaci har da ƙarar fashewa a bututun iska. Mai mota sai ya zargi masu haɗa tukunyar, su kuma su zargi injinsa. Gwajin mai sauƙi ne: a juya ta koma fetur. In misin ya ɓace, a duba fulogi da koyil tukuna, sannan saitin gas ɗin. In bai ɓace ba, ciwon ya girmi tukunyar.

Ga wanda fitilar ta fara ƙyafta masa yana tsakiyar tafiya, abin yi shi ne ya sassauta ƙafa daga totur, ya kashe na'urar sanyaya mota, ya daina yunƙurin wuce kowa, ya lallaɓa zuwa gari mafi kusa. In allurar zafi ta fara hawa, ko farin hayaƙi mai kauri ya biyo salansa, ya tsaya a wuri mai aminci ya kashe inji. In ya isa gareji, ya nemi a nuna masa lambar da idonsa, ya rubuta ta ko ya ɗauki hotonta da waya kafin a goge, ya tambayi wace silinda ce da kuma gwajin da aka yi aka gane kayan da ake son ya saya. Duk abin da aka cire daga motarsa kuma, a sa masa shi a but ya tafi da abinsa.